Ranar da Na Guje wa Girgizar Chile Ina Alƙahira

Zuwa ga Babana, Abdulƙadir, mai sunan mahaifina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka masu duba yankan halal a can Chile. Ummanka na gaishe ka.

Ka ce ba za ka sa hannu a takardar ƙarin zama ba sai na ce "je ka". Ni kuwa na yi maka shiru kamar an aiki bawa garinsu. Yau ga amsa a gaban jama'a, don kada na wayi gari na canza.

Ka san ubanka. Karatu na zo yi Masar, karatun ya hango ni ya sauya hanya, na ƙare a tafinta, ina raka marasa lafiyarmu asibitocin unguwar Mohandessin. Da ka tafi, na shiga wani shagon littattafai a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, na ce a ba ni taswira. Na duba na rasa Chile, sai da mai shagon ya ɗora yatsa. Ashe zariyar wando ce aka shimfiɗa a bakin teku! Gabas duwatsu, wasu har da aman wuta. Yamma ruwa ba iyaka. Arewa hamada mai rowar ruwan sama, kudu ƙanƙara. Na ce to in ƙasa ta motsa, ina mutum zai nufa, wuri ba faɗi?

Sai ranar nan da muke hira ta bidiyo bayan la'asar, na ga fitila na lilo a bayanka, kofuna na kaɗawa. Ban san sadda na jefar da waya ba. Na finciki Ummanka, na dira matakala ba takalmi, ina salati ina ihun "zilzal, yalla!", wato girgizar ƙasa, a fito! Maƙwabta suka firfito, wani da kumfar sabulu a ka. Titi kuwa ko ganye bai motsa ba. Girgiza na wata nahiya, ni na yi mata gudun. Har yau in bawwab, mai gadin gidanmu, ya hango ni, sai ya dafa bango, wai ƙasa na girgiza.

Da na hau sama na ɗauki wayar, ga tsohuwar nan mai gidanku tana kurɓar shayinta, ko miƙewa ba ta yi ba. Ka gaya mini maganarta: in kofi bai faɗi ba, ba a ɓata shayi. Ka ce gidajen mutanen Chile an gina su ne su yi lilo kada su karye, kuma tun a makaranta ake koya wa yara cewa in teku ya ja da baya ba a tsayawa tsintar kifi, tudu ake nufa.

Abin ya zauna mini a rai, Babana. Ba fin ƙarfin ƙasarsu suka yi ba, halinta suka sani, suka ɗaure raƙuminsu kafin su dogara. Ni ma kakanka cewa ya yi kogin Nilu zai cinye ni. Ya yi kuka, ya sake ni, kuma a bakin kogin aka haife ka.

Khalas, shi ke nan, sa hannu. Na yarda, har zuciya. Kewarka dai ba za ta bar ni ba, amma wannan aikina ne, ba naka ba. Roƙona ɗaya: in ta motsa, ka kira ni bayan ta lafa.

Allah da Ya kafa duwatsu Ya tabbatar da dugaduganka, Ya sa ƙasar ta yi maka rawar murna kawai, Ya yi maka albarka.

Naka,
Ubanka, zakaran gudu na unguwarmu.