Na Janye Ƙarar Don In Matso Kusa da Ke

Ya ke sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, inuwar da direba ke hangowa daga nesa ya rage gudu!

Kafin yayanki ya kawo miki labarin da nasa gishirin, ji daga bakina: na janye ƙarar da na ɗaukaka. Jiya na tsaya gaban alƙalai masu tabarau a karan hanci, waɗanda har yau ba su iya faɗin sunana daidai ba. Babbansu ya tambaye ni ko wani ya tilasta mini, ko na san in ƙofar nan ta rufu ta rufu ke nan. Na ce na sani. Ba zan ci haƙƙinsa ba, da mutunci ya tambaya.

Lauyana kuwa, sarkin ɗage zama, sai ya kumbura kamar kwaɗo, wai na zubar masa da shari'a mai kyau. Mai kyau ga wa? Shi ya koma gida ya tarar da matarsa, ni in koma ɗakin kurkuku in tarar da bokiti! Ya iya aikinsa, ban musa ba. Amma dokar ƙasar nan ta ce muddin ƙara na gaban kotu, ba a mayar da baƙon fursuna irina gidan yarin ƙasarsu. In zauna ina jiran su gama shafa gemu, ke kina can kina tsufa ba a idona ba?

Yayanki zai ce janyewa amsa laifi ce, kayan da aka samu a motata nawa ne. Shi da ko gaisuwa bai taɓa aiko mini ba! Bar shi ya yi ta haushi. Ba nawa ba ne, kin sani, Allah ya sani.

Kin tuna safiyar tafiyata, da kika tsayar da ni a ƙofar mota kina ɗinke mini maɓalli, kika yanke zaren da haƙori, goshinki na taɓa ƙirjina? Rigar na nan a ɗakin ajiya. Ita zan sa ranar da za a mayar da ni.

Na bar musu sunana, tauraruwata, don in riƙa ganin fuskarki ta ragar ƙarfe. Ranar ziyara ki zo, kar in leƙa in ga benci ba kowa.

Naki har numfashi ya ƙare,
direbanki, mai laifi a takarda kawai.