Lambar Baba da Takardar Abuja

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Maryam da yara. Yaya aiki, yaya sanyin can? Mu nan Nassarawa lafiya, jikin Baba da sauƙi.

Tun da likita ya hana shi fita, ya koma kan lissafinsa na jami'a. Akwai wata lamba da ta haura biliyan biyu, ya ce babu mai raba ta ba saura sai ɗaya da ita kanta. Hannunsa ba ya riƙe biro, don haka ni ke zama ina rabawa: da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku. Na nuna masa kwamfuta ta tabbatar, ya ce, "A takarda nake son gani." Mun kai ɗari tara, kuma sai mun wuce dubu arba'in da shida kafin mu gama.

Ran Litinin takardar ɗaukata aiki a Abuja ta iso. Ya karanta, sannan ya ce, "Hauwa, a nawa muka tsaya jiya?" Sai na ɗauko biro.

Sati biyu suka ba ni in kama aiki, Yaya. Don Allah ka kira shi, ni na kasa yi masa maganar tafiyata. Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa