Dabinon da ke Gindin Kwalba

Federal Low-Cost, Gombe
4 ga Janairu

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Yakura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya Abdulbaqi da duk mutanen gida a Diffa. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiyata ƙalau. Mun gama jarrabawar zangon farko a makarantar koyon jinya, an ba mu hutun mako biyu, ranar Litinin za mu koma. Hajiya Zulaihatu da nake zaune a gidanta tana riƙe da ni kamar ɗiyar cikinta, kuma tana gaishe ki. Tattasan da kika aiko ta hannun Malam Muktar direba ya iso, har maƙwabta sun samu.

Iya, ki kwantar da hankalinki. Alkawarin da na yi miki ranar da zan baro Nijar, cewa ba zan fita garin Gombe ba sai ranar da Malam Muktar zai mayar da ni gida, yana nan yadda yake. Hutun nan a gida na yi shi, daga wanki sai karatu.

Ga 'yar tsaraba, kwalbar turaren wuta. A nan babbar kasuwar Gombe na saya. Na san ba zai kamo ƙafar naki ba, amma ki gwada.

Ina neman addu'arki.

Ɗiyarki,
Sadiƙa

*

Gombe
4 ga Janairu

Yaya Abdulbaqi,

Sallama. Wannan taka ce kai kaɗai, na ce wa Malam Muktar ya damƙa maka hannu da hannu. Ba zan faɗa a waya ba, don na san da ka ɗauka Iya za ta ce a buɗe murya kowa ya ji. In ka gama karantawa ka cusa ta a murhu.

Yaya, na yi yawo! Kwana uku cur. Kada ka fara ɗaure mini fuska daga can, ka bari in gama.

Ƙawata Sandra, 'yar ajinmu, ita ta ja ni. Yayarta Edna aka yi wa aure a garinsu, Kaltungo, ta ce in ban je ba kada in sake ce mata ƙawa. Na ce wa Hajiya Zulaihatu Iya ta sani. E, na sani, wannan ma wata ƙaryar ce, ba sai ka ƙirga mini ba. Wan Sandra, Titus, shi ne ya ja mu a tsohuwar motar babansu, ni da Sandra da ƙawarmu Khadijatu a baya, kwandunan kayan biki a kan cinyoyinmu. Titus bai san gudu ba sam. Kafin mu fita gari keke biyu suka wuce mu, Sandra tana ta yi masa tsiya wai ko mu sauka mu tura. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce an ba shi amanar 'ya'yan mutane, har da 'yar ƙasar waje.

Haka suke kirana, 'yar ƙasar waje. Ranar da na ce mun samu bakansi, sai da Khadijatu ta riƙe ciki don dariya. A nan hutu suke cewa.

Mun bi ta Kumo, muka wuce Billiri. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Wallahi Yaya ban taɓa sanin duwatsu suna yin haka ba. Mu da muka saba hango mutum tun yana nesa da tafiyar sa'a guda, a can sai ka sha kwana ka ga gari ya ɓullo a gabanka. Na yi ta leƙe ta taga har wuyana ya ƙage.

Tun a hanya suka cika mini kunne da labarin macizan Kaltungo. Da muka sauka na dinga ɗaga ƙafa sama-sama ina tafiya, kakar Sandra ta dube ni ta tambaya ko ƙaya na taka. Ko ɗaya ban gani ba har muka dawo.

Bikin ya yi kyau. Mahauci Musulmi suka kira ya yanka ragon, kuma maman Sandra ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakinta ni da Khadijatu mu yi salla. Matan sun yi rawarsu ta Tangale, suka jawo ni tsakiya. Na yi abin da zan iya, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Washegari muka hau duwatsun Tula. Na hau dutse da ƙafata, Yaya, da silifas! Sau huɗu ina zama ina cewa na fasa. Da muka kai sama na waiwaya, na ga gonaki da rufin kwano ƙanana-ƙanana har iyakar gani, sai kawai na ji hawaye. Daɗi ne ya yi mini yawa. Tun rasuwar Baba ban tuna ranar da na yi dariya irin ta kwanakin nan ba, kuma ba na nadama.

A hanyar dawowa mota ta yi zafi a Kumo, ranar kasuwar garin. Muka zauna ƙarƙashin wani dogonyaro kusa da mai faci muna jiran bakanike. A nan na sayi turaren da na aika wa Iya, wurin wata mata mai faranti. Tana buɗe baki na gane tamu ce, Hausarta irin ta Iya sak. Ka san halin mutanenmu. Da ka gaisa da Kanuri sai ɗiyar wa ce ke, wace unguwa, wa ya haifi uwarki, kafin mako ya zagayo labari ya kai Diffa an ga ɗiyar marigayi Wakil a Kumo. Sai na haɗiye harshena, na dinga zuba mata Turanci irin na Sandra. Ta ƙura mini ido ta ce, "'Yata, daga ina?" Na ce Gombe. Ta ce, "Kin yi kama da wata." Na ce to, na ja Sandra muka koma bayan mota. Da ƙyar na sha!

Hotuna suna wayata, sai na zo. Ka rufa mini asiri.

Ƙanwarka,
Sadiƙa

*

Diffa
11 ga Janairu

Sadiƙa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta takardarki, ban ƙona ba, kuma za ki ji dalili.

Ranar da saƙo ya iso, bayan la'asar, Iya ta ɗebo garwashi a kasko ta barbaɗa turarenki. Ina ƙofar ɗaki ina gyaran takalmi. Hayaƙin yana tashi na ga ta nemi ƙasa ta zauna. Na ɗauka gwiwar ce. Sai ta jawo faranti ta juye kwalbar gaba ɗaya, ta sa yatsa tana tonawa. A can gindi ta ciro dabino guda ɗaya.

Ke ba ki sani ba, don ba ki taɓa tsayawa kin koyi aikin ba. Kakarmu ta Damasak tana jiƙa kajijinta da ɓawon lemun tsami, kuma kowace kwalba sai ta jefa dabino ɗaya a gindi, wai don kada turaren ya bushe. Mutum biyu ta koya wa: Iya da ƙanwarta, Inna Falmata. Iya ta ce ba ta taɓa ganin wata mai haɗa turare tana yin haka ba, daga nan har Maiduguri.

Kina shekara goma sha ɗaya lokacin da Damasak ta watse, na san ba ki riƙe fuskar Inna Falmata ba. Amma kin san shekara takwas ke nan ba wanda ya ji ɗuriyarta. Kin kuma san nemanta Baba ya tafi, bisa roƙon Iya, aka tare motarsu a hanya bai dawo ba. Dalilin alkawarin da ta sa kika yi ke nan. Ba ƙin jin daɗinki take yi ba.

Tun ranar Iya ba ta cin abincin kirki. Dabinon yana ƙulle a gefen zanenta. Ta ce in kira ki nan take, na ce layin Najeriya ba ya shiga. Kwana huɗu ke nan ina wannan ƙaryar saboda ke, kuma na gaji.

Yanzu ga inda ake. Ta ba Malam Muktar kwalbar, ta ce idan ya iso Gombe ki kai shi rumfar da kika saya a babbar kasuwa. Ta ce in ba a samu matar ba, ita da kanta za ta hau mota ta zo ta bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya. Matar da ko tasha ba ta taka ba tun rasuwar Baba, da wannan gwiwar tata. Kuma kin san za ta yi.

Ni ban faɗa mata ba, ba kuma zan faɗa ba. Bakinki ne ya ce Gombe, bakinki zai gyara. Amma ki sani ba zan zuba ido ta yi tafiyar kwana biyu zuwa kasuwar da matar ba ta ciki ba.

Na ji daɗi da kika ga duwatsu, da gaske nake. Sai dai ki sake karanta abin da matar nan ta ce miki, ni na karanta ya fi sau goma.

Yayanki,
Abdulbaqi

*

Gombe
16 ga Janairu

Iya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki tun kafin in fara. Yaya Abdulbaqi, ka karanta mata duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Ƙarya na yi miki. Ba a Gombe na sayi turaren ba, a Kumo na saya, wani gari a kan hanyar kudu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga nan. Na fita gari. Na je biki Kaltungo da ƙawayena, na kwana biyu a can, na hau dutse, wan ƙawata mai suna Titus ya kai mu ya dawo da mu. Ba ya gudu ko kaɗan, amma wannan ba hujja ba ce. Na karya alkawari, na kuma rubuto miki da hannuna cewa yana nan.

Da Malam Muktar ya zo da kwalbar na bi shi har bakin babbar kasuwa. A nan na tsaya. Na gaya masa gaskiya a tsaye a gefen titi. Sai ya bar kayansa ya nufi Kumo shi kaɗai. Ya samu dogonyaron, ya samu mai facin, amma matar ba ta nan. Mai facin ya ce ranar kasuwa kawai take zuwa, kuma ba kullum ba, don kasuwa-kasuwa take bi. Bai san sunanta ba, Mai Turare suke ce mata. Ya ce ba ta sakin jiki da baƙin maza, in aka tambaye ta garinsu sai ta tattara farantinta ta tashi. Malam Muktar ba ya jin Kanuri, kuma bai taɓa ganin Inna Falmata ba. Ya ce ko ya same ta ba abin da zai iya.

Akwai abin da ya fi wannan muni, Iya. Na zauna kusa da ita kusan rabin sa'a. Na ji karin harshenmu a bakinta, na yi kamar ban ji ba, don kada labari ya zo miki cewa na fita. Ta tambaye ni daga ina, na ce Gombe. Ta ce na yi kama da wata, na tashi na bar wurin. Siririya ce, ba ta kai ki tsawo ba, tana da wushirya, kuma da hannun hagu ta miƙo mini kwalbar sannan ta ce in yi haƙuri. Iyakar abin da na riƙe ke nan. Tun da na karanta takardar Yaya kunya da baƙin ciki suka hana ni sakat.

Ban sani ba ko ita ce. Jiya Sandra ta ce mu tafi kawai ranar kasuwa mai zuwa, Titus ya yarda. Na ce a'a. Na fita sau ɗaya ba da saninki ba, ba zan ƙara ba. In kin ce in zauna, zan zauna, a nemi wata dabarar. Amma don Allah kada ki hau mota da wannan ƙafar.

Ki yafe mini.

Ɗiyarki,
Sadiƙa

*

Diffa
20 ga Janairu

Sadiƙa,

Ni ce uwarki nake magana, Abdulbaqi yana rubutawa. Wa alaikumus salam.

Na ji. Ƙaryar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Za mu yi maganarta ranar da kika dawo.

Falmata bahaguwa ce. Uwarmu ta yi dukan duniya ba ta daina ba.

Ni na sa ki alkawari, ni na warware shi. Ki shirya ranar kasuwa. In ba ta zo ba ki koma ta gaba, in an ce tana wata kasuwar ki bi ta can. Yaron nan Titus ya kai ki, tunda kin ce ba ya gudu. Ki zauna a baya, ki kira ni da kun sauka.

Dabinon yana cikin takardar nan, ki sa mata a hannu. Ki durƙusa ki gaishe ta da harshen da na shayar da ke da shi. In ta tambaye ki ɗiyar wa ce, wannan karon ki faɗa mata.

Allah ya kiyaye hanya.

Yakura