Dunƙulen Zaren Inna da Ke Hannunki

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta. Mu nan da sauƙi. Baba yana ɗan cin abinci, sai dai sanyi ya saka shi gaba, kuma likita ya tsayar da ranar da za a yi masa aikin ƙirjin nan, saura mako uku.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin tuna zaren ulun da Inna ta rina da ɓawon albasa kafin ta kwanta ciwo, dunƙule shida, mai ruwan zuma, wanda ta ce na rigar sanyin Baba ne? Kin ɗauki ɗaya don tunawa da ita, ni kuma na riƙe biyar. Ban manta abin da na faɗa miki a ranar ba, cewa me za ki yi da zare ke da ko tsinken saƙa ba ki iya riƙewa. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta fatar baki. To, yau bakin nan nawa ya dawo yana roƙonki.

Laifina ne. Da na zana rigar a takarda, biyar ɗin sun isa har da saura. Sai son burgewa ya ja ni, na ƙara murɗaɗɗen ado guda biyu a gaba, irin mai kama da igiya, alhali na san yadda yake cin zare. Na gama gaba da baya da wuya da hannun dama, ina tsakiyar na hagu zare ya ƙare, daidai gwiwar hannu. Garin neman gira na rasa ido.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Kwana goma ina bin masu sayar da albasa ina tsintar ɓawo, har ɗaya ya tambaye ni ko akuya nake kiwo. Na jiƙa farin zare a ruwan alam yadda Inna take yi, amma da yake tukunyarta ta dalma ta tafi gidan Gwaggo, sai na dafa a ta ƙarfe. Ashe ƙarfe kashe launi yake yi. Zaren ya fito kore-kore, ba kyan gani. Na aro tukunyar na sake. Yana jiƙe kamar an yi daidai, har na yi hamdala, da ya bushe sai ya koɗe. Gwaggo ta kara shi da rigar a bakin taga, ta ce in daina wahalar da kaina, rinin tukunya ɗaya ba ya maimaituwa, ko Inna ce ta dawo ba za ta iya fitar da irinsa ba.

Na so in ɓoye wa Baba, amma shekaranjiya ya tarar da ni ina shirin warware rigar gaba ɗaya in sake ta ba ado. Ya hana. Ya ce zaren da ya riga ya zauna kada a tayar da shi, kuma ba ya son a haɗa masa da wani rinin. Ya karɓa ya saka a haka, tsinke na reto a gwiwar hannunsa, ya ce da ita zai shiga asibiti. Na ce ai ba a fita da riga mai hannu ɗaya. Ya ce in bar shi, mai rinin ma haka ta tafi ta bar shi da hannu ɗaya. Yaya, fita na yi tsakar gida na yi kuka.

Ban gaya masa akwai na shida a wurinki ba, don kada ya zama na ɗaure ki da bakinsa. Na san dunƙulen nan shi kaɗai ne abin hannun Inna da kike da shi. In kin ga za ki iya, ki ba direban da ke kawo mana saƙonki cikin makon nan. Kwana biyu sun ishe ni in gama. In ba za ki iya ba, wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba, kuma Baba ba zai taɓa ji daga bakina ba. Abin da na faɗa miki dai ki yafe mini, ko da zare ko babu.

Gwaggo da Kawu suna gaishe ki. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan 'yan biyu. Ki sa Baba a addu'a.

Taki ƙanwa mai jiran amsa,
Auta