Idan na yi sujada, bakin bindigata na kallon na bayana

Admin, a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum, ina gaishe da manya da ƙanana na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, zan kawo maganar bi da bi.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana, shekarata hamsin da biyu. Shekara biyu ke nan 'yan bindiga suka shigo mana ana sallar La'asar, suka tafi da mutum huɗu daga cikin masallaci, har da ƙanena. Uku sun dawo, shi bai dawo ba. Bayan haka na shiga 'yan sintirin gari da sanin mai gari, aka ba ni ƙaramar bindiga irin wadda ake sokewa a ƙugu. Wani tsohon ɗan sanda da muke kira Kofur shi ya horar da mu, wata uku, duk Asabar a bayan dutse. Dokarsa uku ce. Ta farko, yatsa ba ya taɓa kunama sai za a yi harbi. Ta biyu, bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa. Ta uku, ba ta rabuwa da jikinka. Ni mutum ne mai bin doka, na riƙe su duka, har masallaci da ita nake shiga.

Wata Azahar na yi sujada, rigata ta yaye, bindigar ta bayyana. Ana sallama Baba Sale, wani dattijo da ke sahun bayana, ya kama mani riga, ya ce shekara saba'in yana sa goshi a ƙasa, bai taɓa ɗagowa ya ga rami yana kallonsa ba sai yau. Na ce mashi Baba a kulle take. Ya ce ai garkensa ma a kulle yake ranar da aka kwashe mashi shanu. Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba. Da na koma gida na gwada a ɗaki, na ga gaskiyarsa. Duk sujada sai bakinta ya juya baya, daidai kan mutum. Ashe don in cika doka ta uku kullum nake karya ta biyu.

Na gwada gyara uku. Na koma sahun ƙarshe, masu makara suka ƙi tsayawa bayana, wasu har suka riƙa komawa gida. Na cire harsashi, Kofur ya ji, ya ce in haka ne in ɗauki taɓarya ya fi, masu zuwan ba za su jira ni in ɗura ba. Na ajiye ta gabana ƙarƙashin tabarma, Malam Liman ya hana, ya ce ɗakin Allah ba bariki ba ne. Hukuncinsa shi ne, ko in bar ta gida, ko in tsaya waje in yi gadi, in an idar in yi tawa ni kaɗai.

Na zaɓi waje. Yau sati bakwai ke nan. Jama'a sun ji daɗi, suna cewa yanzu suna salla da natsuwa, har Baba Sale yana sa mani albarka in zai shiga. Na nemi sauran 'yan sintiri mu riƙa karɓa-karɓa, kowa ya ce ai ni na saba. Juma'a bakwai ina jin amin daga bakin ƙofa, sannan in yi Azahar raka'a huɗu kamar mara lafiya.

Sau ɗaya na bar ta gida na shiga sahu. Wallahi ban san raka'a nawa muka yi ba, kunnena yana ƙofa, babur ya wuce na kusa sallamewa.

Na gaji, 'yan uwa. Da ita an hana ni sahu, babu ita kuma, jikina ne kawai a sahun. Malaman da ke cikin nan, tsayuwar da nake yi a waje tana ɗauke mani Juma'a, ko zunubi nake tarawa? Masu riƙe irin wannan kaya a garuruwanku, yaya kuke yi da sujada? Kada a ce mani in yi haƙuri, na yi. Jibi Juma'a. In shiga, ko in tsaya?