Man Ƙosai da Tarwaɗar Yaya Kulu

Barnawa, Kaduna.

Ƙanena Zakariyya'u,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Jamila da yara, ya ɗalibanka na makarantar kifi? Na ba direba wannan takarda ne don kai ba ka ɗaga waya, in ka ɗaga kuma sai ka ce kana aji.

Tarwaɗata ce ke neman kunyata ni. A tanki lafiya lau suke, sun yi ƙiba har sheƙi suke yi. Amma da an kwashe su a baho an sa a keke napep zuwa unguwar Television, wajen Maman Chisom mai gidan abinci, sai rabi su iso ciki sama. Ita kuwa masu rai take saye, don mai ci ne ke nuna wanda yake so a yanka masa. Ta ce in aka sake, za ta nemi wani. Nuhu ɗana ya samu abin da yake so: ya ce a rushe tankunan in koma gidansa a Abuja in huta. Tankunan da mahaifinsa ya gina mini kafin ya rasu! Hutun me? Ni ban gaji ba.

Gishiri ina zubawa a ruwan tafiya kamar yadda kowa ke yi. Ka gaya mini nawa zan ƙara, kada ka yi mini lacca.

Yayarka, Kulu.

*

Yaya Kulu,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, Jamila na gaishe ki. Kada ki ƙara gishiri tukuna. Lacca kuwa sai kin sha, amma gajera.

Jinin kifi ya fi ruwan tanki gishiri. Jan naman nan na gefen kansa, wanda yake numfashi da shi, shi ke tsare gishirin kada ya zube cikin ruwa. In kifi ya tsorata, da kamu ko girgizar keke, wurin sai ya saki. Lafiyayye yakan farfaɗo, mai rauni ya tafi. Ƙarfin wannan nama kuma daga irin man da kifin ke ci yake zuwa. Na san ke kike haɗa abincinsu da hannunki. Wane mai kike sawa?

Ƙanenki, Zakariyya'u.

*

Malam Dakta,

Sallama da gaisuwa. Na tambayi gishiri ka tambaye ni mai! To, mai ne mai kyau, kuma kyauta. Debby maƙwabciyata, wadda ke suyar ƙosai da doya a Sabon Tasha, ita ke kawo mini wanda ta gama da shi. Tun rasuwar Baban Nuhu take yi, ba ta taɓa fashi ba. Ya yi duhu, ban musa ba, amma a gidanmu yaushe aka taɓa zubar da mai? Kai ma da irinsa Inna ta yi maka miya har ka zama dakta. Kuma da wane baki zan ce wa Debby ba na so?

Nuhu na zuwa ƙarshen wata mai zuwa, wai har da magini. Raina a ɓace yake, amma ban tsorata ba.

Kulu.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ai ga ɓarawon nan kin kama da kanki. Man da ya sha wuta ya ƙone ya riga ya lalace. Zai ba kifi tumbi, ba zai gina masa naman nan ba, sai ma ya cinye shi. Shi ya sa suke sheƙi a tanki suna mutuwa a hanya. Ni dai ba a taɓa sa ni a baho an kai ni Television ba, shi ya sa miyar Inna ba ta kashe ni ba.

Na aiko da jarkar man kifi. Ki gauraya da sabon man waken soya, ki ƙara garin kifi a haɗin. Ki roƙi Maman Chisom ta ba ki 'yan makonni. Ranar kwasa kada ki ba su abinci tun jajibere, ki fita da sanyin safiya, gishirin kuma kamar yadda kika saba. Ba na cika baki, amma wannan na tabbata. Batun Debby kuwa ya fi ƙarfin karatuna, ke kika san maƙwabciyarki.

Allah Ya ba da sa'a. Zakariyya'u.

*

Zakariyya'u,

Gaisuwa mai yawa. Na canza man kamar yadda ka ce. Nuhu ya zo da magininsa. Na ce kafin a taɓa bulo ɗaya sai ya raka kifin da kansa. Ya shiga keke da farar shadda, baho tsakanin ƙafafunsa. A gaban Maman Chisom aka buɗe, babu ko ɗaya da ya juya ciki. Wani ƙato ma ya yi tsalle ya watsa masa ruwa har hula. Na yi dariya, sannan na yi kuka, don na tuna mahaifinsa.

Man Debby har yau ina karɓa da hannu biyu ina godiya. Gawayi nake hurawa da shi.

Maginin kuwa ban bar shi ya koma haka ba. Yana bayan gida yanzu yana auna wurin tanki na uku, Nuhu na riƙe masa igiya.

Yayarka, Kulu.