Ƙwayoyin Cikin Ƙanena

Litinin, 7 ga Oktoba
Zawo sau goma sha ɗaya tun asuba. Karo na huɗu ke nan ciwon yana dawowa. Dakta Nashwa ta ce magungunan da na sha bayan tiyata ne suka kashe ƙwayoyin kirki na hanjina, muguwar ƙwaya ta samu fili. Wai abin da ya rage shi ne a ɗebi bayan gidan mai lafiya, a tace, a zuba mini ta bututu. Na ce, "Likita, ni fa Alhaji ne." Ta ce, "Baba, hanjinka bai san ka je Makka ba."

Laraba, 9 ga Oktoba
An gwada matata Ihsan. Ba ta dace ba, saboda ciwon suga.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ashe ta kira Ra'fat a bayan idona. Ƙanena. Shekara tara ban yi masa magana ba, tun da ya ƙi barin aikinsa a Kuwait ya zo jana'izar Mama nan Iskandariyya. Na ce gara in mutu. Ta ce, "To mutu mana, ni ma na gaji da wankin zanen gado." Ta shige kicin. Ina jin kukanta.

Talata, 15 ga Oktoba
An kwantar da ni. Ƙoda ta fara taɓuwa. Na ji likita tana yi wa Ihsan maganar yanke hanji, a hankali, wai don kada in ji.

Litinin, 21 ga Oktoba
Ra'fat ya iso, an gwada shi, nasa ya dace. Na sa hannu.

Laraba, 23 ga Oktoba
An yi. Ya leƙo ɗakin, kansa duk furfura. "Yaya, kwana goma ina cin wake da ganye saboda kai. Ko shisha ban taɓa ba." Na juya fuskata bango. Ya daɗe a tsaye.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Zawo sau shida, ga zazzaɓi. In wannan ma bai yi ba...

Asabar, 2 ga Nuwamba
Gida. Sau ɗaya yau, irin na mutane. Na cinye rabin kwanon waken ful da burodi. Ihsan ta ce jirgin Ra'fat jibi ne. Na dai ce ta sayo kifi gobe, da ɗan yawa. Ta rage barkono. Cikinsa ba ya so, tun yana yaro.